Turanci da Adabin Turanci a WAEC: ta ina yaro zai fara shiri?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah malaman da ke cikin gidan nan ku ba ni shawara. Babbar 'yata tana SS3 ajin at, lauya take so ta karanta, an ce mana dole sai da kiredit a Turanci da kuma Litirecha. Sakamakon jarrabawar gwaji da suka yi a makaranta ya fito, sauran darussa Alhamdulillah ba laifi, gwamnati da tarihi da Hausa duk ta yi ƙoƙari, amma Turanci D7 ta samu, Litirecha kuma E8, duka biyun ba su kai kiredit ba. Yarinyar tana karatu wlh, har dare nake ganinta da littafi, to ni na rasa ina matsalar take. Lesin zan ƙara mata ko littattafai zan saya ko me?

Ɗan Lesin: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki saya mata tsofaffin tambayoyin WAEC na shekaru goma da suka wuce ta zauna ta haddace, ai maimaitawa suke yi. Duk wanda ya cinye fas kwashin ya gama da Turanci.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ƙanina ban yarda da maganar nan gaba ɗayanta ba, kuma ita ce take kayar mana da yara duk shekara. Hajiya bari in fara nuna miki yadda jarrabawar take, don sai an san inda makin yake kafin a san inda za a zuba ƙarfi. Turancin WAEC takarda uku ce. Ta farko canki-canka ce, tambaya 80 cikin awa ɗaya, maki 40. Ta biyu ita ce uwar, awa biyu, maki 100: insha'i maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. Ta uku ita ce ta furuci, tambaya 60 cikin minti 45, maki 30. To ki duba da kyau, tsofaffin tambayoyi suna taimakawa a ta farko da ta uku, ban musa ba. Amma takardar da ta fi su nauyi duka ba a haddace ta, rubutu ne yaro zai zauna ya yi da hannunsa a kan batun da bai taɓa gani ba. Tambayata gare ki ɗaya ce, yaushe rabon da 'yarki ta rubuta insha'i cikakke, wani ya karɓa ya bi shi da jan biro ya dawo mata da shi?

Maman 'Yan Biyu: Allah ya gafarta Malam yanzu na tambaye ta, ta ce tun zangon farko, sau ɗaya, kuma ba a dawo musu da takardun ba saboda sun yi yawa a ajin.

Malamin Turanci: To ga ciwon nan. Kuma ban ga laifin malaminsu sosai ba, mutum ɗaya da aji huɗu ko biyar kowane aji cike har ƙofa, ina zai kai takardun? Amma dai yarinya ita za ta shiga ɗakin jarrabawa. Abin da kike gani tana yi da dare karanta nahawu ne da haddace ma'anar kalmomi, shi kuwa rubutu kamar ɗinki ne, ko shekara nawa ka yi kana kallon tela sai ka hau keken ka taka da ƙafarka. Daga yau duk sati ta rubuta insha'i biyu, ki sa mata agogo minti 50, ta kai kalma 450 don shi ne abin da ake nema. Sannan a samu wanda zai duba, ko malami ko ɗalibin jami'a a unguwa, in za ki biya kuɗin lesin to wannan za ki biya, ba wanda zai tsaya gaban allo yana ta zuba yara suna kwafa ba.

Ɗan Lesin: Malam ni fa na ga yara da idona sun haddace wasiƙa uku da labari biyu, suka shiga suka juye suka fito da C.

Malamin Turanci: Sun dace ne tambayar ta zo kusa da abin da suka haddace. Ranar da ba ta zo ba fa? Masu makin suna raba maki 50 ɗin nan gida huɗu, saƙo 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, sai tsabtar rubutu 10. In aka ce ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan matsalar ruwa a unguwarku kai kuma ka juye wasiƙar da ka haddace ta neman gyaran hanya, makin saƙo ya tafi, na tsari ya bi shi. Tsabtar rubutun nan kuma rabin maki ake cirewa a duk kuskure, harafin da ya kamata ya zama babba ka yi ƙarami, aya da ka manta, kalma da ka rubuta ba daidai ba, kuskure 20 kawai ya cinye maki 10 ɗin tas, kuma yawancin yaranmu kafin su gama sakin layi na biyu sun kai 20 ɗin. Wannan abu ne da sai an yi ta nuna wa yaro a takardarsa ta kansa kafin ya daina.

Ɗalibar SS3: Slm Malam, dan Allah wanne ya fi sauƙi a zaɓa, wasiƙa ko labari? Mu an ce mana mu riƙa ɗaukar wasiƙa kullum.

Malamin Turanci: 'Yata tambaya biyar ake bayarwa ki ɗauki ɗaya, ki ɗauki wadda kike da abin faɗa a kanta. Wasiƙa tana da daɗi saboda tsarinta sananne ne, ta hukuma adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa, kanun magana, a ƙarshe sa hannu da cikakken suna, ta aboki ko ɗan uwa kuwa adireshi ɗaya da sunanki na farko kawai. Amma kar ki je da wasiƙa kaɗai a ka, wata shekarar wasiƙar da za ta fito ba ki san komai a kan batunta ba. Ki iya muƙala ta jarida da jawabin muhawara ma. Labari shi ne ya fi yaudara, yara suna ganin sauƙi ne, sai su fara da abin da ya wuce su zame zuwa yanzu su koma, lokutan aikatau duk su cakuɗe, nan ake kwashe musu maki.

Baban Yara: Ni dai in faɗi gaskiya ko za a ji haushina. Hajiya akwai santocin jarrabawa da ake taimakon yara da amsa, ki sake mata rajista can kawai ki huta. Kowa yi yake. Mu da muka tsaya gaskiya yaranmu suna gida shekara biyu saboda Turanci, 'ya'yan wasu suna aji biyu a jami'a.

Anti Malama: Haba Alhaji, subhanallah. Na san zafin ganin yaro zaune a gida, wlh na sani, amma wannan ba shawarar da za a ba uwa ba ce a bainar jama'a. Bar ma maganar haramci da kowa ya sani, ana riƙe sakamakon santa sukutum in aka kama, har da yaran da ba su ji ba su gani ba. Sannan a ce ta tsallake, JAMB tana gaba, Turanci tambaya 60 ne a kwamfuta cikin 180, ba mai shigo mata da amsa. A ce nan ma ta wuce, lauya fa za ta karanta, aikin da gaba ɗayansa karatu ne da rubutu da Turanci. Wa aka cuta?

Baban Yara: Malama ita hukumar WAEC ɗin fa? A 2025 ba yara suka kai dare suna rubuta Turanci da fitilar waya ba? Sakamako ya fito aka ce kashi 38 ne suka ci, bayan kwanaki aka dawo aka ce kuskure ne kashi 62 ne. To yaro ya yi karatun ma ina tabbas?

Malamin Turanci: Wannan ya faru Alhaji, ba wanda zai kare shi. A watan Mayun 2025 takardar Turanci ta makara a wurare da dama har aka shiga duhu, kuma a watan Agusta an fara sanar da kashi 38.32 masu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, daga baya hukumar ta ce an samu matsala wajen makin canki-cankan Turanci ta gyara zuwa 62.96, ta ba da haƙuri. Abin takaici ne ƙwarai. Amma da aka gyara ɗin, makin wa ya dawo? Na yaron da ya rubuta daidai tun farko. Kuma shi ya sa nake ce wa iyaye in da hali a yi wa yaro NECO ma, tunda jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa.

Admin: Dan Allah maganar santa ta tsaya nan, duk wanda ya saka lamba ko tallan amsa zan cire shi. A ci gaba da abin da Hajiya ta tambaya.

Anti Malama: Yauwa. Maman 'Yan Biyu bari in zo kan Litirecha don shi nake koyarwa. Abu na farko ki duba jakarta yau ɗin nan ki ga wane littattafai take karantawa, saboda an canza jerin, wanda aka yi amfani da shi daga 2021 zuwa 2025 ya ƙare, sabon na 2026 zuwa 2030 ne. Na ga yara suna yawo da littattafan yayyensu suna ta wahala a banza. Na Shakespeare yanzu Antony and Cleopatra ne. Abu na biyu, ba duka jerin za ta karanta ba. Kowane sashe littafi biyu ake sawa ɗalibi ya amsa a kan ɗaya, wato zube na Afirka ɗaya, zube na waje ɗaya, wasan kwaikwayo na Afirka ɗaya, na waje ɗaya, sai Shakespeare da waƙoƙi 12, shida na Afirka shida na waje. Littafi biyar kenan da waƙoƙi. Wannan ba abin da zai gagari yarinya mai son karatu ba ne in ta fara da wuri.

Abu na uku shi ne wanda ya fi ci min rai. Yaranmu ba sa karanta littafin kansa. Ɗan ƙaramin littafin nan na taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta shi suke haddacewa, jigo kaza, taurari kaza, shi kenan. Ina makin takardun gwaji sai in ga yara talatin da jimla iri ɗaya sak har da kuskuren buga littafin. To takarda ta farko ta Litirecha tambaya 50 ce, 20 daga ciki a kan Shakespeare ne kuma yanko magana ake yi daga cikin wasan a ce wa ya faɗa, wa yake faɗa wa, a ina suke, me ya faru kafin nan. Wanda bai buɗe wasan ba ta ina zai sani? Sannan akwai guntun zube da guntuwar waƙa da ba a taɓa gani ba, tambaya biyar-biyar. A takarda ta biyu da ta uku kuma ba a ce ka ba da labari ba, tambaya ake yi, misali rawar da wane ya taka wajen kaza, kai kuma ka kawo hujja daga abin da ya faru a littafin. Mai ba da labari tun daga farko har ƙarshe yana cika shafi huɗu ya tashi da maki kaɗan ya ce an zalunce shi.

Ɗalibar SS3: Anti wlh Turancin Shakespeare ɗin ne ba ya shiga, ko layi biyar ban iya yi sai kaina ya ɗau zafi.

Anti Malama: Na sani 'yata, Turancin sama da shekara 400 ne, ko Bature sai an yi masa bayani. Ga yadda nake yi da nawa ɗaliban. Kafin mu buɗe littafin sai in ba su labarin da Hausa tsaf: ga Antoni ɗaya daga cikin manya uku masu riƙe da daular Rum, ya tafi Masar ya faɗa son sarauniya Kiliyofatara ya yi watsi da harkar mulki, ga Oktabiyas Kaisar yana can Rum yana jin haushi, aka ɗaura wa Antoni aure da 'yar uwar Kaisar don a sasanta, bai zauna ba ya koma Masar, aka gwabza yaƙin ruwa, jiragen sarauniya suka juya shi ma ya bi ta, daga nan komai ya lalace har su biyun suka kashe kansu. In yaro ya riƙe wannan sai mu raba taurari, ke ce wance kai ne wane, a tashi tsaye a karanta da murya fitowa ɗaya a rana. Ki nemi bugun da yake da bayanin kalmomi a gefe ko a ƙasan shafi. Ku haɗu ku huɗu ko biyar da ƙawayenki ranar Asabar ku yi haka, za ki ga bambanci.

Ɗalibin Lauya: Malama da girmamawa, ni nan ne ban gamsu ba. Wannan fassara da Hausa ita ce take hana yaranmu iya Turanci. Makarantar da na yi in ka yi Hausa a aji tara ake cinka, kuma shi ya taimake mu. Yaro ya saba da Turanci zalla kawai.

Anti Malama: Ɗana ka yi sa'ar makaranta ne da kuma gida mai littattafai watakila. Ni yaran da ke gabana wasu sai a JS1 suka fara jin malami yana jimla cikakkiya da Turanci. In na tsaya ina ta zuba musu Turanci a kan Turancin Shakespeare, kai kawai za su riƙa gyaɗawa su fita ba abin da suka ɗauka. Kuma ka lura, yarinyar Hajiya ta ci Hausa. Ma'ana ta riga ta san jigo da salo da zubi da tsari, ta san kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa, ta san baiti da ɗango da amsa-amo, a ajin Hausa an koya mata duka. Ilimin yana kanta, sunayensu na Turanci ne kawai ba a haɗa mata da su ba. Me zai sa in bar wannan dukiya in fara daga sifili? Ɗauki The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland 'yar Ghana da ke cikin sabon jerin, uba ne mai suna Ananse ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa ɗaya yana karɓar kayansu, da asiri ya kusa tonuwa ya sa ta yi mutuwar ƙarya don a ga wa yake sonta da gaske. Ananse ɗin nan ai Gizo ne, duk yaron da aka yi wa tatsuniya ya san halinsa, kuma zancen karɓar kayan mai neman aure fiye da ɗaya ba baƙo ba ne a wurinmu. Ranar da na faɗa musu haka ajin kamar zai tsage don muhawara, yaran da ba sa magana duk suka buɗe baki. Bayan nan ne nake cewa to a ɗauko biro, abin da kuka faɗa yanzu a rubuta min shi da Turanci, sakin layi uku. Fahimta da Hausa, rubutu da Turanci, kuma rubutun ba sassauci.

Ɗalibin Lauya: In dai rubutun da Turanci ne kuma ana dubawa to da sauƙi. Abin da nake tsoro malamin da zai tsaya a Hausar ya ƙi ƙarasawa, kuma suna da yawa Malama.

Anti Malama: Suna da yawa, wannan gaskiyarka ce.

Ɗan Zangon Kumasi: Salam 'yan uwa na Najeriya, muna biye da ku daga nan. Mu ma WASSCE ɗin, wato jarrabawar WAEC, muke yi, littattafan Litirecha ɗaya ne. Bambancin a takarda ta uku ta Turanci, mu nan sauraro ake yi, a kunna murya yara su ji su amsa, ku kuma na ji a takarda kuke yi.

Malamin Turanci: Haka ne ɗan uwa, Ghana da Gambiya da Saliyo sauraro ne, Najeriya da Laberiya a rubuce. Kuma maki 30 ɗin nan yaran Hausawa suna zubar da shi ba dalili. Matsalarmu sananniya ce, p da f suna haɗe mana, pan da fan duk ɗaya muke faɗa, v tana komawa b, sautin th babu shi a Hausa sai mu mai da shi s ko z ko d, sannan in baƙaƙe suka taru a jere sai mun cusa wasali a tsakani. Ga haruffan da ake rubutawa ba a furtawa kamar b ɗin ƙarshen comb. Ga kuma gaɓar da ake dannawa a kalma, wanda mu karin sauti muka sani ba wannan ba. Nan kam ƙanina Ɗan Lesin yana da gaskiya, tsofaffin tambayoyi suna aiki sosai, amma da sharaɗin a riƙa furtawa da baki, a sa ƙamus na waya mai murya a ji yadda ake faɗa a maimaita. Minti 15 kullum ya isa, wayar da ake ta chatin da ita ta yi wannan aikin.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri malamai. Na duba jakar, biyu daga littattafan na tsohon jeri ne na 'yar ƙanwata, sauran kuma duk 'yan taƙaitawar nan ne da Anti ta ce, Shakespeare ɗin ma babu shi sam. Gobe in sha Allah zan shiga kasuwa. Malam saura taƙaitawa da ka ce maki 30, ita ta ce nan ne ba ta gane abin da ake so.

Malamin Turanci: Nan ne yara suka fi faɗuwa kuma nan ne ya fi saurin gyaruwa. Za a ba ta dogon rubutu a ce ta fitar da abubuwa, galibi jimla shida ake nema kowace maki 5. Kuskure uku ne suke kashe su. Na ɗaya kwafe jimlar marubucin yadda take, wannan ba maki. Na biyu rubuta guntun magana da ba jimla ba, ba mai aikatawa ba aikatau. Na uku cusa misalai da ƙarin bayani da ba a tambaya ba, ko haɗa amsa biyu a jimla ɗaya. Ta fara karanta tambayar kafin rubutun, ta ja layi ƙarƙashin inda amsar take, ta rufe takardar ta faɗi abin da bakinta a gajarce, sannan ta rubuta. Ki riƙa saya mata jaridar Turanci ko Daily Trust ce sau ɗaya a sati, ta ɗauki sharhin edita ta fitar da manyan maganganunsa a jimla biyar ko shida. Kuma Hajiya ki yi haƙuri da wannan, a rage mata aikin gida na awa biyu da yamma zuwa a gama jarrabawa, 'yan biyun a ba wani ya riƙe, karatun da ake yi bayan an gaji da wanke-wanke da girki ƙarfe goman dare ba ya zama.

Maman 'Yan Biyu: Wannan ma gaskiya ne Malam, zan yi magana da Babansu a kai.

Ɗalibar SS3: Malam in mun rubuta insha'in za mu iya ɗaukar hoto mu turo nan a duba mana? Mu da yawa ba mu da mai dubawa.

Malamin Turanci: Ku turo, amma ba zan iya fiye da goma a sati ba, sai in wasu malaman za su sa hannu. Na wannan satin: wasiƙa zuwa ga shugaban makarantarku a kan abubuwa uku da suke hana ɗalibai karatu da yadda za a gyara. Kalma 450, minti 50, da biro a takarda mai layi, kar wanda ya taya ku kuma kar a goge kuskure bayan lokaci ya cika. Ku rufe sunanku da na makarantar kafin ku ɗauki hoton.

Anti Malama: Ni zan ɗauki biyar na Litirecha. Ku karanta fitowa ta farko da ta biyu na Antony and Cleopatra, ku rubuta min shafi ɗaya kan yadda sojojin Antoni suke kallon zamansa a Masar, da hujja daga abin da aka faɗa a wasan. Zuwa daren Juma'a.

Ɗalibin Lauya: Malam a turo min uku daga na insha'in, muna hutu yanzu. Sai dai a ba ni tsarin makin ɗin a rubuce don in bi yadda kuke yi.

Malamin Turanci: Zan turo maka bayan sallar isha'i in sha Allah.